DARASIN LAFIYA: NUMFASHIN DA YAKE SARƘEWA WAJEN GUDU DA AIKI

Darasin lafiya na wannan fitowa a kan ciwon asma ne, musamman irin wanda yakan tashi sa'ad da mutum ya yi gudu ko aikin ƙarfi. Muna roƙo a karanta shi da ƙarfi a taron Zumuntar Mata, da na matasa, da na dattawa, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ma su amfana.

MANUFAR DARASI

A ƙarshen wannan darasi muna so kowa ya iya:
1. Bambanta hakin gajiya da sarƙewar numfashi ta asma.
2. Sanin abin da mai asma zai yi kafin gudu ko aiki.
3. Sanin abin da za a yi idan ciwon ya tashi, da lokacin da ya wajaba a kai mutum asibiti.

LABARI

A wata ziyara da muka kai wani ƙauye cikin hunturu, mun tarar da samari suna buga ƙwallo a filin makaranta da yamma. Wani yaro mai kamar shekara 14 ya yi wasa mai kyau na ɗan lokaci, sa'an nan ya fita ya durƙusa a bakin fili, ya dafa gwiwoyinsa yana tari. Abokansa suna ta dariya, suna kiransa rago. Da muka matsa kusa, sai muka ji ƙirjinsa yana ƙara kamar kukan ɗan kyanwa duk sa'ad da ya fitar da numfashi.

Da muka raka shi gida, kawunsa ya ce mana, “Malam, ku rabu da shi. Haka yake yi a gona. Kunya biyu zai yi ya zauna. Ga ƙanensa nan yana wuce shi.”

Mahaifiyarsa kuwa ta jira har maza suka tashi, sa'an nan ta ce, “Malam, yaron nan ba ƙiwuya yake yi ba. Ni nake jin tarinsa da asuba. Na hana shi ƙwallon, ya ƙi hanuwa. Ina tsoron ranar da za a ce a gudu daji da dare.”

Wannan magana ta ƙarshe ta tsaya mana a rai. A ƙasarmu gudu ya wuce wasa. Tun da matsalar 'yan bindiga ta shigo, iyalai da yawa sun san ranar da ƙafa ce ta cece su. Ga noma, ga ɗiban ruwa, ga daka, ga doguwar tafiya zuwa kasuwa. Wanda numfashi yake sarƙe masa, abincinsa da makarantarsa da ransa duk suna cikin haɗari.

MENENE YAKE FARUWA A CIKIN ƘIRJI?

Iskar da muke shaƙa tana bi ta maƙogwaro ta shiga bututu, bututun ya rabu biyu, ya yi ta rarrabuwa kamar rassan itace har zuwa cikin huhu. Ƙananan hanyoyin nan suna da nama mai tsukewa kewaye da su, cikinsu kuma yana da laima kullum.

Sa'ad da mutum yake zaune, ta hanci yake numfashi. Hanci yakan tace ƙura, ya ɗumama iskar, ya jiƙa ta kafin ta kai huhu. Amma da zarar an fara gudu ko huɗa, iskar da jiki yake bukata takan ninka sau goma ko fiye, sai mutum ya buɗe baki. Iskar da ta bi ta baki takan isa ƙirji a bushe da sanyinta, ta busar da laimar hanyoyin numfashi.

Ga yawancin mutane wannan ba ya jawo kome. Amma hanyoyin iskar mai asma suna da saurin fushi. Da sun bushe sai abu uku su faru: naman da ya kewaye su ya tsuke, cikinsu ya kumbura, majina mai kauri kuma ta taru. Hanya ta ƙuntata ke nan. Ƙarar da ake ji kamar usur, iska ce take matsawa ta cikin ƙuntatacciyar hanya. Wanda yake so ya ɗanɗani abin da mai asma yake ji, sai ya toshe hancinsa ya gwada numfashi ta cikin siririn karan alkama na minti ɗaya.

Asma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukarta ta kwano, ko moɗa, ko tabarma. Takan bi jini a wasu gidaje, tare da yawan atishawa, da ƙaiƙayin ido, da ƙaiƙayin fata. Ba sammu ba ce, ba kuwa alamar zunubin yaro ko na iyayensa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne suke da asma a duniya, ta kuma kashe mutum 455,000 a wannan shekara. Mafi yawan mace-macen a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu suka faru, inda ba a gane ciwon da wuri ba, ko kuwa magani bai samu ba.

ABUBUWAN DA SUKE TA DA SHI A WURINMU

Hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan zo a bushe, da sanyi, da hazo. Duk abin da ƙirjin mai asma ya ƙi jini ya haɗu wuri ɗaya. Shi ya sa yaron da ya yi damina lafiya yakan fara tari da ya yi gudun safe a watan Disamba.

Kaka. Ƙurar sussukar gero da dawa, casar wake da shinkafa, da ƙaiƙayin da yake tashi wajen sheƙa. Ga aikin ƙarfi, ga ƙura, a lokaci guda.

Hayaƙi. Girki da itace, ko kara, ko kashin shanu a ɗakin da ba taga. Hura wuta a ɗakin kwana saboda sanyi. Ƙona daji da ƙona shara, musamman mai leda. Taba, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, da fiya-fiya.

Ɗaki. Ƙurar tsohuwar katifa da bargo, kyankyaso, kaji da tantabaru da suke kwana tare da mutane. Bangon da ya sha ruwa yakan yi funfuna. Waɗanda ambaliyar watan Agusta na 2024 ta shafa a Gummi sun san yadda ɗaki yakan daɗe yana wari bayan ruwa ya janye.

Ƙurar dutse. Ba mu manta da shekarar 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. Dalma jini da ƙwaƙwalwa take ɓatawa, ita ba asma ba ce. Amma ƙurar injin niƙa dutse tana ta da asma, kuma wanda ya shekara da shekaru yana shaƙarta huhunsa yakan taurare, irin taurin da ba ya warkewa. Kada a niƙa dutse a gida, kada a shigo da kayan aikin rami cikin ɗaki.

Mura. Sau da yawa asma takan tsananta bayan mura, har na makonni.

YADDA ZA A GANE SHI

Kowa yakan yi haki idan ya yi gudu. Hakin gajiya yana raguwa da zarar an tsaya, cikin minti biyu ko uku mutum ya koma daidai. Na asma kuwa akasin haka ne. Sau da yawa yakan fi tsanani bayan an tsaya, wajen minti 5 zuwa 15, sa'an nan ya lafa a hankali cikin rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya. Ku lura da waɗannan alamu:

1. Busasshen tari lokacin aiki ko bayansa. Ga wasu yara tarin ne kaɗai alama.
2. Ƙara kamar usur wajen fitar da numfashi.
3. Jin ƙirji ya ɗaure kamar an ja masa igiya.
4. Tari da tsakar dare ko da asuba, alhali ba zazzaɓi.
5. Abin yana zuwa yana tafiya, yana kuma maimaituwa a yanayi iri ɗaya.
6. Yaro ya fara guje wa wasan da yake so, ko kullum ya zaɓi tsaron gida a ƙwallo.

Idan kun ga haka, ku riƙa lura na mako biyu. Wanda ya iya rubutu ya rubuta ranar, da aikin da ake yi, da tsawon lokacin da abin ya ɗauka. Ku tafi da wannan takarda asibiti. Tana da amfani ƙwarai, gama sau da yawa ranar da aka je wurin likita ƙirjin yakan kasance shiru.

BA KOWACE SARƘEWA CE ASMA BA

A nan sai mu yi hankali, domin a bakin mutane kalmar fuka takan ɗauki ciwo fiye da ɗaya. Akwai cututtukan da suke kama da asma, maganinsu kuwa dabam:

Tarin fuka, wato tibi: tari fiye da mako biyu, da rama, da zufar dare, wani lokaci da jini a kaki. Shi yana yaɗuwa. Gwajin kaki da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware domin haka, ana kuma warkewa idan an sha maganin wata shida ba fashi.

Ciwon haƙarƙari, wato nimoniya: zazzaɓi da numfashi da sauri. A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance shiru. Idan ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, a kai shi asibiti a ranar.

Ƙarancin jini: daga zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, rashin abinci mai gina jiki, ko amosanin jini. Tafin hannu da cikin ido sukan yi fari, mutum ya riƙa haki da ɗan ƙaramin aiki.

Ciwon zuciya bayan haihuwa: likitoci a Zariya, Kano da Sakkwato sun daɗe da sanin yawansa a arewacin Nijeriya. Mai jego ta kumbura ƙafa, ta kasa kwanciya rigingine, ta riƙa haki. Wannan ba na jira ba ne.

Saboda haka kada kowa ya yanke wa kansa hukunci. A je babban asibiti na Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

SHIN MAI ASMA YA DAINA MOTSA JIKI?

A'a. Uwar da ta hana ɗanta wasa ƙauna ce ta sa ta, amma hanin yana da tasa illa. Jikin da ba ya motsi yakan yi rauni, mai rauni kuwa yakan yi haki da ƙaramin aiki, hakin kuma shi ne yake ta da ciwon. Wanda jikinsa ya saba da aiki ba ya bukatar iska mai yawa domin aiki iri ɗaya, sai ƙirjinsa ya sami sauƙi.

Samarinmu masu kallon ƙwallo sun san Paul Scholes da David Beckham, waɗanda suka buga wa Manchester United. Dukansu biyu suna da asma. Haile Gebrselassie na ƙasar Habasha, ɗan manomi ne da ya tashi yana gudu zuwa makaranta. Yana da asma, duk da haka ya ci lambar zinariya ta gudun mita 10,000 a wasannin Olamfik na 1996 da na 2000. A 2008 ya ƙi shiga gudun fanfalaki na kilomita 42 a birnin Beijin na ƙasar Sin saboda gurɓatar iskar birnin. A watan Satumba na wannan shekara ya yi irin wannan gudu a Balin ta Jamus cikin sa'a 2 da minti 3 da daƙiƙa 59, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa. Mutumin nan ya san ciwonsa, ya san iskar da za ta cuce shi, ya kauce mata, bai kuwa bar gudu ba. Abin da muke so 'ya'yanmu su koya ke nan.

MATAKAI KAFIN GUDU KO AIKI

1. A ɗumama jiki na minti 10 zuwa 15. A fara da tafiya, a ƙara sauri, a yi ɗan gajeren gudu a tsaya, a sake. Ga mutane da yawa wannan yakan sa ƙirji ya lafa har wajen sa'a biyu. Manomi ya tafi gona da ƙafa a natse, ya fara kunyar farko a hankali. A wurin gayya kada ya biye wa kiɗa da kirari tun daga farko. Sannu ba ta hana zuwa.
2. A yi numfashi ta hanci gwargwadon iko.
3. Da hunturu a rufe hanci da baki da rawani, ko gyale, ko takunkumi. Yana riƙe ɗumi da laimar numfashi, yana kuma rage ƙura.
4. A zaɓi lokaci. Ranar da hazo ya rufe gari, ko da sanyin asuba, a jinkirta gudu har rana ta ɗaga.
5. Wajen sheƙa da sussuka, mai asma ya tsaya ta inda iska take fitowa, ƙaiƙayi ya tafi gabansa. Idan da hali a ba shi wani aiki, kamar ɗinkin buhu ko awo.
6. A raba aiki mai nauyi kashi kashi. Daka da surfe a yi su bi da bi. Wasan da ake gudu ana tsayawa, kamar ƙwallo da langa, ya fi wa mai asma sauƙi a kan dogon gudu ba tsayawa.
7. Kada a tsaya cak bayan gudu. A ci gaba da tafiya a hankali na 'yan mintoci.
8. Idan ana mura, ko ƙirji ya kwana yana ƙara, a huta ranar.

MAGANIN SHAƘA

Maganin asma mafi kyau shi ne wanda ake shaƙa, domin kai tsaye yake zuwa inda ciwon yake. Iri biyu ne, wajibi ne a san bambancinsu.

Na farko mai buɗe hanya ne. Sunansa salbutamol, mutane sun fi saninsa da Ventolin, galibi shuɗi ne. Yana saki naman da ya tsuke cikin 'yan mintoci. Idan likita ya umarta, akan shaƙi feshi 2 minti 10 zuwa 15 kafin gudu ko aiki mai nauyi, kāriyarsa takan kai sa'a 2 zuwa 4. Gwangwani ɗaya yakan ɗauki feshi 200. Amma ba ya taɓa kumburin da yake cikin hanyoyin iska, kuma idan ana shaƙarsa kowace rana kāriyarsa takan ragu.

Na biyu mai hana tashi ne, irin su beklometason da budesonaid. Shi yake kwantar da kumburin. Akan shaƙe shi kullum, ko ana jin lafiya, a kurkure baki bayansa. Amfaninsa yakan bayyana bayan kwanaki ko makonni, saboda haka kada a yar da shi a ce ba ya aiki. Tun shekarar 2019 ƙa'idar masana asma ta duniya ta daina shawartar manya da matasa su dogara ga shuɗin shi kaɗai. Akwai ma gwangwanin da ya haɗa iri biyun wuri ɗaya. Wanda yake bukatar shuɗin fiye da sau biyu a mako saboda sarƙewa, ko tari yana ta da shi daga barci, ko ya ƙarar da gwangwani uku a shekara, lalle ya koma asibiti ya yi maganar mai hana tashi.

Mun ji ana cewa wanda ya fara shaƙa ba ya iya dainawa, ko kuwa sai wanda ya kusa mutuwa ake ba shi. Ba haka ba ne. Maganin shaƙa ba ya sa maye, ƙwayar da ake haɗiya ma ta fi shi sa rawar jiki da bugun zuciya. Mace mai ciki da mai shayarwa suna iya shaƙarsa. Sarƙewar numfashin uwa ita ce haɗari ga ɗan da yake ciki.

Mun sani yana da tsada, tsadar ta kuma ƙaru tun 2023 sa'ad da kamfanin da yake yin Ventolin ya daina sayar da kayansa kai tsaye a Nijeriya. Ku tambayi salbutamol na wasu kamfanoni, ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Kada a ajiye shi a rana ko kusa da murhu.

ROBAR RUWA MAI TAIMAKO

Mutane da yawa sukan fesa maganin ya tsaya a harshe, bai kai huhu ba. Likitocin yara a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun nuna a shekarar 1999 cewa robar lemo mai rabin lita tana aiki daidai da abin da ake sayarwa domin wannan. Ga yadda ake yi:

1. A wanke robar da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge cikinta.
2. A huda gindinta daidai girman bakin maganin, da wuƙa ko waya mai zafi, yadda zai shiga ya matse.
3. A girgiza maganin, a cusa bakinsa a ramin.
4. Mutum ya kama bakin robar da leɓunansa sosai.
5. A fesa sau ɗaya, ya yi numfashi 5 ta cikin robar.
6. A jira rabin minti, a sake girgizawa, a fesa na biyu. Kada a fesa biyu a haɗe.

ABIN DA ZA A GUJE WA

Kada a sayi ƙwayoyin deksametason ko firednisolon a kemis ana sha wata da watanni. Suna kawo sauƙi da farko, amma daga baya sukan kumbura fuska, su jawo hawan jini da ciwon sukari, su raunana ƙashi, su hana yaro girma. Likita yakan ba da su na 'yan kwanaki kaɗai idan ciwo ya tsananta. Maganin tari mai kodin ba ya buɗe ƙirji, gwamnati ma ta hana shi tun 2018. Asfirin, ibufurofen da diklofenak, waɗanda ake sha domin gajiyar gona, suna ta da asma ga wasu mutane. Wanda ya lura da haka ya koma farasitamol. Kada a yi wa mai asma hayaƙi ko turare da sunan magani, kada kuma a tsaga masa ƙirji.

IDAN CIWON YA TASHI

1. A tsai da aikin nan take. A zaunar da shi a miƙe, ya ɗan sunkuya gaba. Kada a kwantar da shi.
2. Jama'a su ja baya ya sami iska. Mutum ɗaya ya zauna kusa da shi yana yi masa magana a natse, domin tsoro yana ƙara sarƙewa.
3. A ba shi shuɗin ta cikin roba, feshi ɗaya bayan ɗaya, rabin minti zuwa minti ɗaya tsakani, har zuwa 10 idan bai sami sauƙi ba. Ga ƙaramin yaro a bi adadin da aka faɗa a asibiti.
4. Kada a ɗura masa ruwa, ko manja, ko jiƙo.

A ɗauke shi zuwa asibiti ba jinkiri idan ya kasa ƙarasa magana ɗaya ba tare da tsayawa ba, ko fatar wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa, ko leɓe da harshe sun sake launi, ko ya galabaita yana gyangyaɗi, ko ƙarar ƙirjin ta ɗauke alhali yana cikin wahala. Wannan shirun ba sauƙi ba ne, iska ce ta kasa wucewa. A kan hanya a riƙa maimaita feshin kowane minti 20. Mu yi addu'a, amma mu yi ta muna tafiya. Da yake tafiyar dare tana da haɗari a hanyoyinmu, idan ƙirji ya fara tsananta da rana kada a ce bari mu ga yadda zai kwana.

ABIN DA IKKILISIYA ZA TA IYA YI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kwamitin lafiya ya san masu asma na ƙauyen, da yardarsu. Malaman makaranta da shugabannin matasa su bar yaro ya riƙe maganinsa a aljihu, su fara kowane wasa da fareti da ɗumama jiki domin kowa, su kuma daina horon yara da gudu idan sun ce ƙirjinsu ya ɗaure. A yayyafa ruwa kafin sharar majami'a. Mata su taimaki juna wajen fitar da murhu waje ko buɗe taga a madafa. Asusun taimako yana iya ajiye gwangwani ɗaya da roba a gidan ma'aikacin lafiya, a kuma san mai babur da za a kira. Kowane gida mai asma ya sa maganin a jakar da za a ɗauka idan tashin gaggawa ya zo, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaron da muka ba ku labarinsa an kai shi asibiti, aka tabbatar asma ce, aka ba shi iri biyun. Da muka koma bayan damina, mahaifiyarsa ta nuna mana robarsa rataye a bango. Har yanzu yakan yi tari ranar hazo, kuɗin magani kuma yana ba su wuya. Amma ya yi noman damina tare da ƙanensa, ya kuma koma fili. Kawun ya ce mana, “Malam, ashe na ɗauki alhakin yaron nan.”

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Menene bambancin hakin gajiya da na asma?
2. Waɗanne ayyuka da lokatai ne suka fi ta da ƙura da hayaƙi a ƙauyenmu? Wanne za mu iya gyarawa a wannan wata?
3. Akwai wanda muke kira rago ko mai ƙiwuya, wanda ya kamata a duba ƙirjinsa?
4. Menene aikin kowanne cikin magungunan shaƙa biyu?
5. Idan numfashin wani ya sarƙe a daren yau, wa za mu kira, ta wace hanya kuma za mu bi?

AIKIN GIDA

Kowace ƙungiya ta zo da robar rabin lita a taro na gaba, a huda ta tare, kowa ya gwada yadda ake kama ta. Ku aiko mana da tambayoyinku ta hannun mai kula da lafiya na yankinku, za mu amsa su a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Amin.